Sallamar jirgi a ƙasa: wace na'ura ke magana, wace ke yin shiru

Daren da muka je tarbar innarmu daga Umra, hazo ya sauko wa Yamai tun bayan la'asar. Fitilun hanyar Dosso sun koma ja-ja kamar garwashi cikin toka, kowa a harabar filin jirgin Diori Hamani ya ja rawani ko mayafi ya rufe hanci. Ina tsaye da ɗan 'yar'uwata, yaro ɗan shekara 16 da ba ya rabuwa da salula. Ya buɗe Flightradar24, manhajar da ke nuna jiragen da ke tafiya a kan taswira, ya nuna mini ɗan jirgi rawaya yana matsowa, lambar tsayinsa tana raguwa: 3,000, 1,800, 600, sai sifiri. Mun ji rugugin saukarsa amma ko fitilarsa ba mu hango ba. A allon salula jirgin ya rage gudu, ya karkata, ya yi ta jan jiki na 'yan mintoci, ya tsaya, sai ya ɓace.

"Kawu, ya ɓace fa," in ji yaron.

Wani dattijo da ke kusa da mu, shi ma yana jiran nasa, ya dafa kafaɗarsa. "Kwantar da hankalinka, ɗana. Waɗannan jiragen na zamani akwai na'ura a cikinsu. Ko a sama ko a ƙasa, ko da hazo ko ba hazo, ba sa yin karo."

Na yi shiru saboda girmansa, kuma saboda rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin ne ya hana ni sakewa. Na yi shekaru ina aikin gyaran rediyo da na'urorin lantarki na jirage, na san na'urar da yake nufi, na kuma san cewa tun kafin tayar jirgi ta taɓa kwalta wannan na'urar ta riga ta kama bakinta. Haka aka ƙera ta, da gangan. Mutane da yawa, har da wasu da ke aiki a cikin filin jirgi, ba su san haka ba.

Na'urori biyu ne ake cakuɗawa, don maɓallinsu sau da yawa guda ne. Ta farko ita ce taransifonda. Aikinta amsa sallama. Rada ta ƙasa tana aika tambaya a kan zango 1030 na megahaz, taransifondar jirgi ta amsa a kan 1090. Kamar dai mutum ya ji motsi a ƙofar gida da dare ya ce "Wane ne?", na waje ya ce "Ni ne wane." Asalinta ma daga nan yake: a Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙirƙiro dabarar don masu rada su bambance jirgin aboki da na maƙiyi. Tsohon salon, wanda ake kira Mod A, lamba huɗu kawai yake faɗa, kowace daga 0 zuwa 7, wato lambobi 4,096 ke nan duka, mai kula da zirga-zirga ne ke ba kowane jirgi tasa kafin ya tashi. An ware uku don ranar wuya: 7500 an yi fashin jirgi, 7600 rediyo ya mutu, 7700 gaggawa ko wace iri. Mod C ya ƙara faɗin tsayi, ƙafa ɗari-ɗari. Mod S, wanda manyan jirage ke ɗauke da shi yau, ya ba kowane jirgi adireshinsa na dindindin daga cikin adireshi sama da miliyan 16, ta yadda rada za ta iya kiran jirgi ɗaya da sunansa sauran su yi shiru. Mod S kuma ba ya jiran sai an yi masa sallama. Kusan kowane sakan yana sanar da kansa. Daga wannan ɗabi'a aka gina ADS-B, inda jirgi ke karanta matsayinsa daga GPS ya yi ta shelarsa ga duk mai kunne. Shelar nan ce salular yaron ke nunawa.

Ta biyu, wadda dattijon ke nufi, ita ce na'urar kauce wa karo, TCAS, matuƙa suna cewa "tikas". Ita tambaya take yi. Tana yi wa jiragen da ke kewaye sallama a kan zangon da rada ke amfani da shi, ta auna tsawon lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo, ta san nisa, ta karanta tsayin da aka faɗa mata. Abin da ta fi damuwa da shi lokaci ne: in muka ci gaba a haka, sakan nawa ya rage mu haɗu? A can sama, in ya rage kamar sakan 48, sai ta ja hankalin matuƙi da gargaɗin farko, wanda ake kira TA, ta nuna masa ɗigo ruwan ɗorawa a allo. In ya rage sakan 35 ko ƙasa da haka, sai ta ba da umarni, RA: hau, ko sauka, ko daidaita. In duka jiragen biyu suna da ita, na'urorin suna shawara tsakaninsu ta Mod S cikin ƙiftawar ido, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka.

Mu a Yamai muna da dalilin sanin darajar wannan na'ura. Ranar 13 ga Satumba 1997 wani jirgin sojan Jamus ƙirar Tupolev 154 ya sha mai a nan, ya tashi ya nufi Windhoek. A gaɓar tekun Namibiya, a tsayin ƙafa 35,000, ya yi karo da jirgin dakon kaya na sojan Amurka ƙirar C-141. Mutum 33 suka mutu, ba wanda ya tsira, kuma babu ɗaya daga cikin jiragen da ke da TCAS. Shekara guda kafin nan, a Charkhi Dadri kusa da Delhi, mutum 349 sun halaka a irin wannan karo. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta na'urar ga manyan jirage daga 2003, sannan daga 2005 ga duk jirgi mai injin turbin da ya wuce kilo 5,700 ko yake ɗaukar fasinja sama da 19. Bayan haɗarin Überlingen a Jamus a 2002, inda wani matuƙi ya bi umarnin mai kula da zirga-zirga ya bar na na'ura aka rasa rai 71, doka ta fito fili: in TCAS ta ce hau, hawa za ka yi, ko wa ya ce maka akasin haka. A sama, dattijon nan ya yi gaskiya.

Amma a duba irin umarnin da take bayarwa. Hau, ko sauka. Ba ta taɓa cewa dama ko hagu, ba ta san birki ba. Jirgin da ke tafiya kan tayoyinsa ba shi da sama da zai hau nan take, ba shi da ƙasa da zai sauka. Ko jirgin da ke dab da sauka, in aka ce masa ya nutsa don ya kauce wa wani, an tura shi cikin rufin gidajen mutane ne. Don haka masu ƙira suka ɗaure mata baki mataki-mataki, suna dogara da na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa. Ƙasa da kimanin ƙafa 1,100 ba ta cewa sauka. Ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, wato mita 300 da 'yan kai, ba ta ba da umarni ko ɗaya, sai gargaɗi. Ƙasa da kimanin ƙafa 500 ko muryar gargaɗin ma an kashe, sai ɗigo a allo, don a wannan lokacin idon matuƙi da kunnensa na titin sauka ne. Wanda ya bi labarin haɗarin birnin Washington na 29 ga Janairu 2025, inda jirgin fasinja da helikwaftan soja suka yi karo a saman kogin Potomac mutum 67 suka rasu, zai tuna an yi ta tambayar ina TCAS. Tana nan, tana aiki. Karon ya faru ne a tsayin kusan ƙafa 300, inda ba ta da izinin ba da umarni.

Bayan haka, jiragen da ke ƙasa ma ɓoye su take yi. Jirgi mai Mod S yana da ɗan makunni a ƙafar taya. Nauyin jirgi na sauka a kansa sai taransifonda ta fara cewa "ina ƙasa", TCAS ta sauran jirage kuma ta daina lissafa shi cikin masu haɗari. Ga ƙananan jirage masu tsohuwar taransifonda, irin waɗanda ake gani a filaye kamar na Tahoua, TCAS ce da kanta ke kwatanta tsayin da suka faɗa da tsayin ƙasar wurin, in ta ga bai wuce kamar ƙafa 360 ba ta ɗauka a ƙasa suke. In ba a yi haka ba, duk jirgin da ya doso fili mai cunkoso zai ji ƙararrawa kan kowane jirgi da ke layin jiran tashi, matuƙa kuma su saba da yin biris da ita. To ga sakamakon: jirgin da ya shigo titin sauka bisa kuskure, cikin hazo, yana tsaye a gabanka, yana cikin waɗanda aka ɓoye.

Kuma a ƙasan ne haɗari mafi muni a tarihin jiragen sama ya faru. Tsibirin Tenerife na Sifaniya, 27 ga Maris 1977, Boeing 747 guda biyu a titi ɗaya cikin hazon ruwa, mutum 583. Da a ce TCAS ta yau tana cikinsu da ba ta ce uffan ba.

To me ke tsare jirgi a ƙasa? Idon mai hasumiya, wato mai kula da zirga-zirgar filin, da rediyo, da fitilu da alamomin da aka zana a kwalta. In hazo ya rufe idon, sai na'urar da za ta gani a madadinsa. A nan taransifonda ke dawowa cikin zance, kuma a nan ne koyarwar da aka yi wa tsofaffin matuƙa ta juye.

A da, ƙa'idar ita ce ka bar taransifonda a STBY, wato a kunne amma ba ta amsawa, har sai ka hau titin tashi, kana sauka kuma ka mayar da ita. Dalilin mai kyau ne a zamaninsa. Tsohuwar rada tana tambayar kowa a lokaci guda, kowa ya amsa a lokaci guda. Jirage goma da ke jere kusa da eriyarta sai amsoshinsu su hau kan juna, allon mai kula ya cika da tarkacen lambobi daidai wurin da yake son ganin masu sauka da masu tashi. Mod S ya warware wannan: da zarar makunnin taya ya ce ana ƙasa, taransifonda tana daina amsa kiran gayya, tana amsa wanda ya kira ta da adireshinta kawai, tana kuma ci gaba da shelar kanta. Sai injiniyoyi suka ga ai wannan shelar dukiya ce. Suka dasa ƙananan eriyoyi a kusurwoyin fili, kowace tana rubuta daidai lokacin da saƙon jirgi ya iso mata. Kamar kiran salla ne: gidan da ke jikin masallaci yana rigan na bayan gari ji, ko da da ɗan ƙanƙanin lokaci. In eriya uku ko fiye suka ji saƙo ɗaya, bambancin lokacin isowarsa ya isa kwamfuta ta ɗora jirgin a kan taswirar fili da kuskuren 'yan mitoci, da sunansa a jikinsa. Radar ƙasa, wadda ke duban abin da ke motsi a cikin fili, ita kaɗai dunƙule take nunawa, ba ta san ko jirgi ne ko tankar mai ba. Taransifonda ce ke sa wa dunƙulen suna. Amurka ta girka irin wannan tsari, ASDE-X, a manyan filayenta 35, Turai na kiran nata A-SMGCS.

An biya wannan darasin da tsada. A filin Linate na birnin Milan, safiyar 8 ga Oktoba 2001, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna ya bi hanyar da ba tasa ba cikin hazo ya ratsa titin da jirgin fasinja na SAS ke gudun tashi. Mutum 118 suka mutu. Tsohuwar radar ƙasa ta filin ta daina aiki, sabuwar da aka saya ba a girka ta ba, mai hasumiya yana magana da jirgin da yake zaton yana wani wuri dabam.

Saboda haka ƙa'idar yau a manyan filaye ta zama: kunna taransifonda da lambar da aka ba ka tun lokacin da ka nemi izinin a tura ka baya ko ka fara motsi, kada ka kashe sai ka tsaya cak a mazauninka. Amurka ma ta sauya littafin jagorar matuƙanta zuwa haka. TCAS kuwa akasin haka: a bar ta a kashe yayin tafiya a ƙasa, a kunna ta a bakin titin tashi, a kashe ta bayan an sauka an bar titin.

Wannan kashi na biyu shi ne wanda na fi shan wahalar fahimtar da matasan makanikai da matuƙa. Sukan ce: in ba ta da amfani a ƙasa, ba ta kuma da illa, a bar ta a kunne mana, kada a manta. Tana da illa. Zango biyun nan, 1030 da 1090, su ke nan. Rada, da TCAS ta kowane jirgi, da ADS-B, da eriyoyin ƙasa, duk a kansu suke magana. Wanda ya taɓa neman ɗan'uwansa da murya a tsakiyar kasuwar Katako ya san abin da ke faruwa in kowa na kira a lokaci guda. Masu ƙira sun san haka, sai suka koya wa TCAS kunya: kowace tana ƙirga sauran TCAS da take ji a kewayenta, in sun yi yawa sai ta rage ƙarfin muryarta da yawan tambayoyinta. Jirgin da ke saukowa, wanda yake matuƙar bukatar hangen nesa, yana iya ƙirga har da na'urorin jiragen da ke zaune a ƙasa ba abin da suke yi, ya rage nasa hangen saboda su. Wanda ya bar TCAS a kunne a mazauni, daga idon wanda ke sama ya ɗiba. A fili mai jirage kaɗan kamar namu abin bai kai ya kawo ba, amma matuƙin da ya tashi daga Yamai da dare a Istanbul ko Jidda zai wayi gari, hannunsa kuma abin da ya saba zai yi.

Akwai wani amfani guda da matuƙa ke yi da TCAS a ƙasa wanda na yarda da shi. Kafin su hau titi, bayan sun kunna ta, sukan leƙa allo su ga ko akwai jirgin da ke dab da sauka, don shi yana sama, ana nuna shi. Hakan ya kama kurakurai. Sai dai a san iyakarsa. Nisa da tsayi tana faɗinsu daidai, amma ɓangaren da jirgi yake tana iya kuskurensa, wani lokaci har digiri 30, balle a ƙasa inda saƙo ke dukan rumfunan ƙarfe da jelar wasu jirage yana dawowa ta wata fuska. Ɗigon da ka gani a hagunka yana iya kasancewa a gabanka. In allo ya nuna wani abu, ka tsaya ka tambayi hasumiya. In allo ya nuna ba kowa, bai ba ka izinin komai ba, ka juya wuya ka duba ta taga.

Sai batun maɓalli, wanda a ganina nan ne ainihin tarkon yake. A jiragen Boeing da yawa ɗan maɓalli guda ne mai juyawa: STBY a farko, sai matsayin da taransifonda ke aiki ita kaɗai, sai TA, sai TA/RA a ƙarshe. Matuƙin da aka koya masa "kashe TCAS bayan sauka" in ya juya har ƙarshen hagu, ya kashe duka biyun, ya ɓace daga allon mai hasumiya daidai lokacin da zai ratsa mararrabar hanyoyi. Wanda kuma ya manta bai juya dama ba kafin tashi, ya hau sama bebe kuma kurma: ba ya tambayar kowa, ba ya amsa wa kowa. TCAS ba ta ganin ƙarfe, amsa take gani. A ranar 29 ga Satumba 2006, a saman dajin Amazon na Barazil, wani sabon jirgi ƙirar Legacy yana tafiya taransifondarsa tana STBY ba tare da matuƙansa sun lura ba, ya gogi Boeing 737 na kamfanin Gol. Duka jiragen sababbi ne, duka suna da TCAS, ba wadda ta yi ƙara. Mutum 154 suka mutu. Jiragen Airbus suna da matsayin AUTO da ke rage wannan nauyi daga kan matuƙi, amma shi ma dogaronsa ga makunnin taya ne, makunni kuwa yana lalacewa kamar kowane makunni. Na taɓa cire wanda ƙura da maiko suka daskarar, jirgi yana sama yana cewa yana ƙasa.

Mu makanikai ma muna da namu laifin, kuma zan faɗe shi don na ga ba a cika maganarsa ba. Lokaci-lokaci ana gwada taransifonda da ma'aunin tsayi a cikin rumfar gyara. Ana haɗa famfo da ƙananan ramukan da ke jin nauyin iska a jikin jirgi, a zuƙe iskar a hankali har jirgin ya ɗauka yana hawa: ƙafa 5,000, 10,000, 20,000. Ana kuma yaudarar makunnin taya ya ce ana sama. In ba a rufe eriya da murfinta ba, jirgin da ke zaune a kan jak zai yi ta shelar cewa yana sararin sama, yana hawa da sauri, daidai saman fili. Wata rana a wata rumfa da na yi aiki, muna tsakiyar gwajin, waya ta yi ƙara. Babbanmu ya ɗauka, na ga fuskarsa ta sauya, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku tsaya! Ku kashe!" Daga wurin masu kula da zirga-zirga ne, suna tambayar wane jirgi ne ke ƙafa 10,000 a kanmu ba ya amsa rediyo. Murfin eriyar yana rataye a ƙusa, abokin aikina ya zaci na sa, ni na zaci ya sa. Allah ya taƙaita, ba jirgin da ke wucewa a lokacin. Da akwai, TCAS ɗinsa za ta iya umartar matuƙi ya nutsa ko ya hau don kauce wa jirgin da babu shi, kuma doka ta ce ya bi. Hakan ya sha faruwa a Turai da Amurka har hukumominsu suka fitar da gargaɗi: a sanar da hasumiya kafin gwaji, a rufe eriya, in gwajin bai bukaci wani tsayi na musamman ba a sa tsayin da ba jirgin da ke bi, ƙasa da sifiri ko sama da ƙafa 60,000. Tun ranar ban sake kunna famfo ba sai na taɓa murfin da hannuna.

Idan na dubi filinmu, abubuwa uku nake gani sun haɗu. Babban titin kwalta ɗaya ne, jiragen fasinja da na kaya da na sansanin soja na 101 duk a kansa suke. Hazo yana zuwa kowace shekara daga Nuwamba zuwa Maris, ga jan hadarin ƙura na farkon damina da ke mayar da rana dare cikin mintoci. Ga lokacin jigilar alhazai, da manyan jirage ke zuwa da matuƙan da wasunsu ba su taɓa taka filin ba. An sabunta filin a 2019 gabanin taron Tarayyar Afirka, abin alfahari ne. A sama kuma mun yi nisa: ASECNA, hukumar ƙasashen Afirka da ke kula da sararin samaniya mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 16, tana karɓar shelar ADS-B ta tauraron ɗan'adam, har jirgin da ke ratsa Tenere inda ba eriya ko ɗaya ana ganinsa daga cibiyar Yamai. A garin nan ne kuma makarantar EAMAC take, inda tun 1963 ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage na ƙasashen Afirka da dama. Ilimin yana gida. Abin da nake so in ga an ba shi irin wannan kulawar shi ne 'yan mitocin ƙarshe, tsakanin titin sauka da mazauni.

Kuma ba jirage kaɗai ke yawo a wurin ba. Akwai motar kashe gobara, da motar duba titi da ke fita neman tsakuwa da tsuntsaye, da tankar mai, da taraktan tura jirgi. A Mosko, Oktoba 2014, jirgin shugaban kamfanin Total, Christophe de Margerie, ya daki motar share ƙanƙara yana gudun tashi, duk mutum huɗun da ke ciki suka mutu. A Lima ta ƙasar Peru, Nuwamba 2022, jirgin fasinja ya yi karo da motar kashe gobara da ta shigo titi yayin atisaye. Akwai ƙaramar na'ura da ake kafawa a rufin mota, ba ta kai kwanon abinci girma ba, tana shelar matsayin motar a kan 1090 kamar jirgi. Kuɗinta ba komai ba ne in aka kwatanta da tayar jirgi guda. Duk motar da ke da izinin taka titin sauka, a kowane fili na ƙasar nan, ya kamata ta iya amsa sallama. Ya kamata kuma kowane fili ya rubuta a fili cikin takardun da matuƙa ke karantawa kafin su zo: a nan, kunna taransifonda a wuri kaza, kashe a wuri kaza. Matuƙin da aka bari da abin da ya saba, abin da aka koya masa shekara 20 da suka wuce zai yi.

Na'urar ma ba ta isa ita kaɗai ba. Filin Haneda na Tokyo yana cikin mafi kayan aiki a duniya. Ranar 2 ga Janairu 2024 jirgin masu gadin teku ya shiga titi ba da izini ba, ya tsaya a kansa kusan sakan 40, Airbus A350 na Japan Airlines ya sauko a kansa. Mutum 379 da ke cikin babban jirgin duk sun fita da rai, biyar daga cikin shida na ƙaramin suka mutu. Binciken farko ya nuna allon hasumiya ya yi gargaɗin cewa akwai abu a titin, ba a lura ba. Shi ya sa maimaita umarni kalma da kalma a rediyo, wanda wasu matasa ke gani kamar karatun allo, har yanzu shi ne igiyar da ta fi riƙe kaya. Mai hasumiya ya ce tsaya kafin titi, ka ce na tsaya kafin titi, da lambar titin, da sunan jirginka. In Faransanci ake yi da wani jirgi, Turanci da wani, kamar yadda ake yi a sararinmu, wanda bai ji ɗayan harshen ba ya rasa rabin hoton abin da ke kewaye da shi, sai ya ƙara buɗe ido.

A daren nan, kafin fasinjoji su fara fitowa, na karɓi salular yaron na nuna masa layin da jirgin ya bari a taswira: ga inda ya taɓa ƙasa, ga inda ya bar titi, ga hanyar da ya bi, ga inda ya tsaya. Na ce masa duk tsawon wannan layin matuƙin ya bar taransifondarsa tana magana, shi ya sa muka gan shi cikin hazon da ya hana mu ganin fitilarsa. Sai da ya tsaya a mazauninsa aka sa wa tayoyi waigi, sannan ya miƙa hannu ya juya maɓallin zuwa STBY.

"Ashe bai ɓace ba, Kawu."

"Bai ɓace ba. Ya iso ne."

Bayan kusan awa guda innarmu ta fito, tana tura amalanken kaya da jarkar zamzam a sama, tana tari saboda ƙura.